Namijin Mesar Alhaji Dabo

A shekarar 1976, lokacin da kuɗin man fetur ya fara malalowa har ƙauyuka, wanda duk ya yi mafarkin kwalta sai ya wayi gari ɗan kwangila, akwai wani mutum a Gwaram mai suna Ɗanladi, wanda yake kiran kansa Likita. Tarihin likitancin nasa ba shi da tsawo. Shekarun baya, da gwamnati ta fito da allurar bushiya, ciwon nan mai kashe shanu, malaman dabbobi sun ɗauke shi rani biyu yana riƙe musu igiya idan za a ka da sa. Da aiki ya ƙare suka sallame shi da tsohon kwat ɗin kaki mai aljihu huɗu, da tsinken awon zafin jiki wanda ya riga ya fashe. Tun daga ranar bai sake riƙe fartanya da hannu biyu ba. Awakin da ya yi wa magani, waɗanda suka rayu aikinsa ne, waɗanda suka mutu an makara kawo su. Matarsa Barira ita ke noma, ita ke ƙuli-ƙuli, ita ke sauraron labarin yadda Turawa suka roƙe shi ya bi su ƙasarsu ya ƙi.

A garin kuma akwai Alhaji Dabo, jikan makiyaya, wanda kakansa ya sauka da shanu a Farin Dutse, shi kuwa ya koma kwangilar yashi da kwalbati. Cikin masu aikin hanya da yake kai wa yashi akwai wani injiniya mutumin Malesiya, wanda ya zo da mesa biyu daga ƙasarsu yana kiwonsu yadda mutane ke kiwon kyanwa. Ba irin mesar fadamarmu ba ce. Fatarsu kamar an jefa musu raga, ruwan zinare da baƙi da toka-toka, idan rana ta taɓa su sai su riƙa walƙiya. Ɗaya babba ce ƙwarai, ɗaya ba ta kai ta ba. Da injiniyan zai koma gida masu jirgi suka ƙi ɗaukar su, sai ya bar wa Alhaji. Alhaji ba ya jin Turanci, injiniya ba ya jin Hausa. Suka yi musafaha mai tsawo, suka yi ta murmushi, mota ta tashi, ba wanda ya tambayi wace ce mace wane ne namiji.

Alhaji Dabo ya yi murna da kyautar nan don wani dalili. Bara, abokinsa kuma abokin gasarsa, Alhaji Sada na Birnin Kudu, ya aiko masa da ɗawisu, da makaɗa, da maroƙi, aka sauke a ƙofar gidansa ranar kasuwa. Tun daga lokacin yake neman abin da zai rama da shi. Yanzu ga shi Allah ya kawo: zai kai wa Sada mesa guda, ta ƙasar waje, a gaban mutanen Birnin Kudu, ya ga ta inda ɗawisu zai sake yin magana.

Sai mahaifiyarsa, Inna Hapsatu, ta aika a kira shi. Tsohuwa ce da ta yi shekara hamsin tana tatsar nono kafin ɗanta ya gina mata ɗakin siminti, kuma da yake ɗan fari ne ba ta faɗin sunansa. Ta ce ta ji wancan yaron zai yi kyauta. To a gidansu, tun kaka da kakanni, ba a taɓa kyauta da mace ba. Bijimi ake bayarwa, ko rago, ko zakara. Karsana kuwa ita ce garken, wanda ya ba da ita ya ba da jikokinsa. Alhaji ya ce, cikin ladabi, ai wannan maciji ne.

“Ko kiyashi ne,” in ji Inna. “Ka ba da namijin, ka riƙe macen. In ka juya, kada ka sake shigo mini ɗaki.”

Da yamma Alhaji ya faɗa a majalisarsa cewa duk wanda ya rarrabe masa mesoshin nan, rarrabewa ta gaskiya, yana da kujerar Makka a bana, cikin kujerun da ya saba biya wa mutane. Maharba biyu da ke wurin suka ce su kashe mesa suka iya, ba su taɓa tambayar ta ba. Kafin wani ya sake buɗe baki Ɗanladi ya miƙe, ya gyara kwat, ya ce shi abin ma kunya ya ba shi, a ce yana gari ana neman mai wannan ɗan aikin. Ya ce a hannun Turawa ya rarrabe kada, ya rarrabe kunkuru, har jimina ya rarrabe daga nesa, tana gudu. Ya nemi kwana uku.

Ya isa gida ya gaya wa Barira ta fara koyon kiransa Alhaji don kada bakinta ya yi nauyi idan lokaci ya yi. Ta tambaye shi ko ya taɓa taɓa maciji. Ya ce ilimi ba a taɓawa yake ba. Ta ce to Allah ya sa macijin ya san da haka, ta ci gaba da murza ƙuli-ƙulinta.

Ranar farko ya zo da abin da ya sani, wato igiya. Mesoshin suna wani ɗaki na bayan gida da aka kwashe buhunan siminti daga ciki. Ya tara ƙarti huɗu, ya yi musu bayanin yadda ake ka da dabba: a ɗaure ƙafafun baya, a ja na gaba, a danne wuya, likita ya leƙa. Iliyasu, direban Alhaji, mutum mai ƙarancin magana da yawan lura, ya tambaya wace ƙafar za su fara ɗaurewa. Ɗanladi ya dubi mesoshin ya daɗe, sannan ya ce a ajiye igiyar, wannan sabon tsari ne. Ya zaɓi ƙaramar, saboda a cewarsa ilimi daga ƙasa ake faro shi. Ƙartin suka danne ta da buhu, shi kuma ya durƙusa, ya ɗaga wutsiyar, ya kai fuskarsa kusa yadda ya ga malaman dabbobi suna yi.

Mesa idan ta tsorata tana da abin da take saki. Ta sakar masa shi gaba ɗaya, wani ruwa mai kauri mai ɗoyi, daga goshi har aljihu na huɗu. Ƙartin suka watse. Ɗanladi ya fito tsakar gida yana lalube, ƙudaje suna yi masa rakiya. Alhaji ya toshe hanci da bakin rawani ya tambayi abin da aka gano. Ɗanladi ya ce an sami ci gaba: dabbar da ta ƙi a leƙa ta haka, akwai alamar kunya a tare da ita, kunya kuwa ta mata ce. Amma likita ba ya yanke hukunci da alama ɗaya.

Barira ta hana shi shiga ɗaki. Ta ajiye masa ruwa da toka da sabulun salo a bayan rumbu, ta ce alhazan da ta sani da turare suke dawowa, shi ga shi tun bai tafi ba ya dawo da nasa. Kwat ɗin ya kwana biyu a kan danga, ko akuya ba ta matso kusa ba.

Rana ta biyu ya zo da dabarar da ba sai an taɓa ba. Ya sa aka share tsakar gidan baya. A kusurwar gabas ya jera madubin Barira, da tandun kwallinta, da kwanon lalle. A kusurwar yamma ya kafa mashi, ya ɗora masa hula, ya ajiye takalmin fata. Ya bayyana wa masu kallo, waɗanda suka hau katanga don sun ji labarin jiya, cewa kowace halitta tana bin kayan jinsinta. A buɗe ƙofa kawai a gani.

Aka buɗe. Ƙaramar ta leƙo, ta hango Ɗanladi, ta koma. Babbar ta fito a hankali, ta bi tsakiya, ba ta dubi gabas ba, ba ta dubi yamma ba. Can gindin katangar kudu kuwa zakaran Batulu, maƙwabciyar Alhaji, ya tsallako yana tsattsagar tsakin da aka share. Jan zakara ne mai dogon wuya, wanda unguwar ke tashi da cararsa shekara uku. Abin da ya biyo baya bai ɗauki lokacin da ake ɗauka a faɗe shi ba. Batulu tana kan katanga tana kallo, ita ma ta zo ganin ilimi.

Ta sauko ta zagayo ta zaure ba ko sallama. Ta ce wa Ɗanladi ta ji an ce ya zo rarrabe macizai, ashe rarraba musu kajin mutane ya zo yi. Ya ce mata ta yi haƙuri, zakaranta ya mutu a hanyar bincike, kuma ya bar shaida mai ƙarfi, domin namiji ne kaɗai ke kishin namiji har ya haɗiye shi.

“Da kaza ce fa?” in ji Batulu.

“Da sai mu ce sha’awa ce. Duk namiji ne.”

“To kai da ka kashe mini akuya bara, kishi ne ko sha’awa?”

Na kan katanga suka yi dariya har wani ya faɗo. Alhaji ya sa aka kama mata zakara daga cikin nasa, ta karɓa tana cewa wannan cararsa kamar mai mura. Ana cikin haka babbar ta juya za ta koma ɗaki, ta bi ta kan madubin Barira, ya rabe uku. Ɗanladi ya ce a rubuta wannan ma: mace ba ta fasa madubi. Da ya kai wa Barira gutsattsarin, ta ce gaskiya ne, mace ba ta fasawa, sai dai ta auri mai fasawa.

Rana ta uku ta faɗo ranar kasuwa, kuma ita ce ranar hukunci. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Alhaji, aka fito da mesoshin cikin manyan kwanduna, mutane suka bar cinikinsu suka zo. Ɗanladi ya sa kwat, ya maƙala tsinken awon zafi a aljihu, ya aro tef ɗin awo wurin tela. Kafin ya fara sai Malam Hadi, hedimastan firamare, ya nemi izinin magana. Siririn mutum ne mai tabarau, ya zo da wani littafi mai hotuna a hammata. Ya ce ya duba, kuma littafin ya ce a irin wannan macijin mace ce ta fi girma, nesa ba kusa ba. Idan ana son tabbaci, a duba gindin wutsiya: akwai wasu ’yan ƙumbuna biyu kamar ƙaya, na namiji sun fi tsawo, wutsiyarsa kuma ta fi kauri daga tushe. Masana suna da wani siririn ƙarfe mai santsi da suke aunawa da shi, amma ba aikin wanda bai koya ba ne.

Ɗanladi ya saurare shi da irin haƙurin da ake yi wa mara lafiya.

“Malam Hadi, wanda ya rubuta littafin nan, ya taɓa zuwa Gwaram?”

“Ban ce ya taɓa ba.”

“Ya taɓa riƙe igiya?”

“Ban sani ba.”

“To.”

Ya juya ga jama’a. Ya tambaye su, sa da saniya wa ya fi girma? Suka ce sa. Rago da tunkiya? Rago. Zakara da kaza? Batulu ta ce kada a sake ambaton zakara a gabanta, amma sauran suka amsa. Ya ce to mutanen da suka tashi cikin dabbobi tun kafin a ƙirƙiro takarda, yau za a zo a ce musu Allah ya juya tsarinsa saboda maciji ya hau jirgi? Fulanin da suka kawo shanu kasuwa suka gyaɗa kai, domin magana ce da ta yi daidai da duk abin da suka taɓa gani. Iliyasu direba ne kaɗai ya ce, ba da ƙarfi ba, ai Barira ma ta fi Likita girma. Ɗanladi ya ce wannan a ido ne kawai. Malam Hadi ya rufe littafinsa ya koma gefe. Ya saba, shekara ashirin yana gaya wa mutane abin da ke cikin littafi.

Saura awo, don a cika ƙa’ida. Ƙaramar ta ba da ƙafa goma da inci huɗu, Ɗanladi yana tsaye daga gefen kai wannan karon. Da aka zo kan babbar, ƙarti shida suka miƙar da ita, ya fara daga wutsiya yana tafe yana ƙirga da ƙarfi. A ƙafa ta tara ya tsallaka ta don ya gyara tef. Na riƙe da tsakiya ya ga ƙuda ya sauka masa a hanci, ya saki hannu ɗaya. Kafin a ce wani abu ta naɗe ƙafar Ɗanladi ta hagu, ta haɗa da ta dama, ta hau ƙugu. Ya zauna a ƙasa ba da niyya ba. Ya ce kowa ya kwantar da hankali, gaisuwa ce. Ta ƙara zagaye ɗaya. Ya ce, da wata murya da ba a san shi da ita ba, a kira Barira, a kuma gaya wa Batulu ta yafe masa akuya.

Malam Hadi ne ya ce a warware ta daga wutsiya, littafi ya faɗa, a kuma zuba mata ruwan sanyi a ka. Wannan karon ba wanda ya tambaya ko marubucin ya taɓa zuwa Gwaram. Iliyasu ya kama wutsiya, aka juye randa guda, aka zare Likita kamar ana zare ƙaya. Wandonsa bai fito tare da shi ba. Wani mai goro ya ba shi buhu ya ɗaura. A haka, cikin kwat da buhu, yana haki, ya ɗaga hannu ya yanke hukunci: wanda ya ji wannan matsar a jikinsa ya san ba ƙarfin mace ba ne. Babban namiji ne, ƙaramar mace.

Jama’a suka yarda, don sun ga shaida da idonsu. Aka raɗa wa babban suna Gwarzo, ƙaramar Gimbiya. Alhaji ya ce kujera ta zama ta Likita, sai dai a jira a kai kyauta Birnin Kudu bayan an gama girbi, sannan a rubuta sunansa. Ɗanladi bai jira ba. Ya je ya ɗauki hoton fasfo, ya yi allurar shawara, ya bi gida-gida yana neman gafara irin ta matafiyi, yana karɓar saƙon masu son tasbaha da zamzam. Mutane suka fara ce masa Alhaji Likita, wasu da gaske.

Aka raba wa mesoshin ɗaki. Inna Hapsatu ta karɓi kula da Gimbiya daga bakin ƙofa, yadda ake kula da karsana: ta sa ana ajiye mata dusa da ruwan kanwa kowace safiya, tana mamakin yarinyar da ba ta cin dusa. Gwarzo kuwa ya fara wasu halaye. Ya daina cin abinci. Aka ba shi kaza ya kau da kai, aka ba shi zomo suka kwana tare. Amma maimakon ya rame, sai ya yi ta kumbura daga tsakiya zuwa ƙasa. Ya saɓe. Wani lokaci a same shi ya juya ciki sama a inda rana ke shigowa ta taga.

Inna ta leƙa wata safiya ta daɗe tana kallo. Ta aika a kira Likita, ta ce ita ba ta yi boko ba, ba ta riƙe igiyar Turawa ba, amma ta karɓi haihuwar shanu fiye da gashin kansa, kuma wannan namijin nasu kwanciyar masu ciki yake yi. Ɗanladi ya yi dariyar girmamawa. Ya ce Inna ta dubi manyan mutanen garin nan da suka sami kwangila: wanne ne bai yi tumbi ba, wanne ne ba ya kwanciya rigingine bayan azahar? Gidan arziki ya shigo, jikinsa ya nuna. Rashin cin abincin kuwa kumburin ciki ne, zai ba shi magani. Ya jiƙa kanwa da sabara a kwalba, ya shiga zai ɗura masa yadda ake yi wa maraƙi. Ya fito da hannun kwat ɗaya, ɗayan yana ciki tare da kwalbar. Ya ce mara lafiya ya karɓi magani, zai sha da kansa.

Aka sa ranar tafiya. Wani kafinta ya ƙera akwati na katako mai kyau, da marfi, da ramukan iska, da ƙusoshin tagulla da Ɗanladi ya nace a jera a gefe. Aka shimfiɗa harawa a ciki. Da yake ba wanda ke son kokawa da Gwarzo da safiyar tafiya, aka lallaɓa shi ya shiga tun kwana biyu kafin ranar, aka rufe, aka bar shi a inuwa.

Ranar Lahadi da hantsi suka tashi, mota uku. Alhaji a gaba cikin marsandi, makaɗa da maroƙi a tsakiya, a-kori-kura a baya Iliyasu na tuƙi, Ɗanladi zaune a kan akwati, ya naɗe hannun kwat ɗin da ya rage don su yi daidai. Malam Hadi ma ya biyo su, zai sayo alli. A Kiyako suka tsaya shan ruwa, Ɗanladi ya miƙe a bayan mota ya yi wa mutanen wurin lacca a kan hanyoyi bakwai na gane namijin maciji. Ya kai ta huɗu mota ta tashi.

A Birnin Kudu, Alhaji Sada ya sa an kafa rumfa a ƙofar gidansa, ya gayyaci attajirai da ma’aikata da limamin unguwa. Mutum ne mai fara’a da ƙananan idanu, irin waɗanda ke dariya kafin su ji ƙarshen magana. Aka sauke akwati a tsakiyar fili. Maroƙi ya yi ta zuba kirari: ga namijin duniya daga bayan teku, ga wanda ya haɗiye zakara da cararsa, ga wanda ya tuɓe likita a kasuwa. Alhaji Dabo ya miƙe ya ce, a gaban shaidu, ya ba ɗan’uwansa Alhaji Sada wannan namijin mesa, kyauta har abada. Ɗanladi ya ga ba a ambaci ƙusoshin tagulla ba, ya matsa ya raɗa masa. Alhaji ya ƙara da cewa har da akwatin, da duk abin da ke cikinsa. Liman ya yi addu’a, aka shafa. Alhaji Sada ya ce ya karɓa.

Sannan Ɗanladi ya ɗaga marfi, ya ja baya da hannu a buɗe, fuskarsa na kallon jama’a don ya ga mamakinsu. Ya gan shi kuwa, fiye da yadda ya yi tsammani. Na baya suka yi ɗage. Maroƙi ya tsaya a tsakiyar kalma.

Gwarzo ya naɗe kansa kamar gammo, ya yi tsini sama, kansa a bisa. Ta tsakanin naɗin kuwa ana hango ƙwai, farare, manya kamar na tsuntsuwar dinya, manne da juna, tuli guda.

Wata tsohuwa daga cikin zaure ta rangaɗa guɗa.

Ɗanladi ya leƙa, ya rufe marfin, ya sake buɗewa. Suna nan. Ya ce jama’a kada su ruɗe, ƙwan agwagwa ne da ya haɗiye tun a Gwaram, maganin kanwa ne ya fito da su. Wani ya tambaya wace agwagwa ce ke yin ƙwai mai laushi kamar fata. Ya ce to, a ƙasarsu namiji ne ke kwanci, mace ta yi ƙwai ya ɗauko ya riƙe mata. Iliyasu ya ce wata biyu ke nan da aka raba musu ɗaki, ko ta taga take miƙo masa? Ɗanladi ya juya wajen Malam Hadi, ya ce ai littafi ma ya faɗi irin wannan, ko ba haka ba, Malam?

“Marubucin bai taɓa zuwa Gwaram ba,” in ji Malam Hadi.

Dariyar da aka yi a filin nan, waɗanda suka rage cikin masu kallo har yau suna tuna ta, ko da yake ba su da yawa yanzu. Alhaji Dabo kaɗai bai yi ba. Ya ba da karsana da cikinta, da bakinsa, a gaban liman, ya bar wa kansa bijimi yana ta ajiye masa dusa. Kyautar da aka shafa wa fatiha ba ta dawowa, kuma a gida Inna na jira. Ya matsa kusa da Sada ya fara wata magana a kan musanya. Sada ya rungume shi, ya ce da ƙarfi don kowa ya ji, shi ɗawisu ɗaya tak ya bayar, ga shi ɗan’uwansa ya rama masa da garke. Irin wannan karamci sai jikan makiyaya.

Alhaji Dabo ya nufi motarsa. Ɗanladi ya bi shi da sauri, ya riƙe murfin ƙofa, ya ce ranka ya daɗe, batun rubuta suna, tunda dai an rarrabe su yanzu, kowa ya san wace ce wace. Alhaji ya dube shi daga hula har takalmi. Ya kira Malam Hadi, ya ce gobe ya kawo hotonsa na fasfo, kuma ya shigo gaba su tafi, akwai abin da zai taya shi yi wa Inna bayani daga littafi. Ya ce wa Iliyasu kada ya ɗauko komai a bayan mota, ko mutum ko kaya.

Motoci uku suka tashi suka bar Likita a tsaye, da kwat mai hannu ɗaya da saƙon tasbahar rabin Gwaram a kansa. Alhaji Sada ya gama share hawayen dariya, ya yafito shi. Ya sa aka kawo masa fura, ya ce kada ya damu, mutum irinsa ba ya rasa aiki. Ɗanladi ya ji zuciyarsa ta ɗan motsa, don Sada ma yana biyan kujeru.

“Idan sun ƙyanƙyashe,” in ji Sada, “zan aika a ɗauko ka. Ka duba mini su ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ka ce mace ce, in yi kyauta da shi. Wanda ka ce namiji ne, shi zan riƙe.”

Da la’asar aka ga Ɗanladi a tashar Birnin Kudu, yana jiran motar albasa da za ta rage masa hanya. Ya tara ’yan kamasho yana gaya musu cewa Makka ta bana ya ɗage ta saboda aiki, domin babban attajirin garin nan ya rantse ba zai taɓa ko ɗan maciji ɗaya ba sai ya ji ta bakinsa. Abin baƙin cikin shi ne, wannan karon bai yi ƙarya ba.